Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

Ni 'yar Zakka ce, aure ya kawo ni Yasore ta ƙasar Ruma, tun zamanin da ba mu san Bature ba sai a bakin fatake. Sunana Saude. 'Yan gidanmu sun ce bakina aka fara haifa kafin sauran jikin ya biyo, ni kuma ban taɓa musawa ba. Sai Allah da ikonsa ya haɗa ni da surukar da fitar da magana ke yi wa wuya kamar haƙar rijiya a kan dutse. Inno ake ce mata. Uwarta Bafulatana ce, kun kuwa san kunya a wurinsu ita ce zane, ita ce mayafi. Na daɗe a gidan, har na yaye biyu, kafin in san cewa maigidana Badaru, yau dai na kama sunansa don ku san wanda nake nufi, ba shi ne ɗanta na fari ba.

A bakin rijiya na ji labarin. Ashe akwai wata kafin shi, mace, an haife ta ranar ƙaramar salla, sai sunan Tasalla ya bi ta. Ana yaye ta kakarta ta garin Tsaskiya ta ɗauke ta riƙo, yadda aka saba, tunda uwa ba ta rungumar 'yar fari a gaban mutane, ba ta kiran sunanta, ba ta ma yarda ido ya haɗu. Yarinyar ko ƙirgar dangi ba ta fara ba mahara suka ɓullo ta dajin Rugu, suka kwashe yaran da suka je itace, har da ita. Aka nema aka gaji, aka yi sadaka. An ce ranar sadakar Inno wuni ta yi tana kaɗin auduga, ba wanda ya ga ɗigon hawaye a fuskarta, mata suna ta yaba mata wai ta cika 'yar halak. Ni da na ji, cewa na yi a raina wannan yabo ya yi tsada.

Shekarar da nake ba ku labarinta, muna cikin sussukar gero da hantsi sai ga wata mace ta yi sallama. Furfura ta fara ci mata gefen kai, zanenta irin na Nufawa, Hausarta kuma ta karkace kamar ta wanda ya daɗe bai yi ta da 'yan gida ba. Ayarin masu goro ta biyo har Batsari, daga can ta tako da ƙafa. Ba ta ce ga ko ita wace ce ba. Tambaya ta yi ko tsamiyar bayan gida tana nan, wadda tsawa ta tsaga biyu. Maigida yana kan rumbu yana gyaran jinka ya ji, ya sauko, ya dubi tsagar kumatunta, irin tasa ce sak. Namiji da gemunsa ya durƙushe a kan ƙaiƙayi ya ce, "Yaya?" Muka saki taɓare muka hau kuka, har da waɗanda ba su san abin da ake wa kukan ba.

Inno tana ƙofar ɗakinta da mazari a hannu. Tasalla ta je da rarrafe ta durƙusa gabanta, ta ce, "Inno, na dawo."

Tsohuwar ba ta ɗago ta wajenta ba. Ni ta duba ta ce, "Saude, a ba baƙuwa ruwa."

Kowa ya ce madalla, haka ake yi. Ni dai na ga zaren ya tsinke a hannunta, Inno kuwa ba ta tsinka zare.

Murna ba ta yi nisa ba aka gano abin da ke ƙasa. Lokacin salla ya yi, baƙuwa ba ta ɗauki buta ba. Da safe kuma sai ka ji ta a ɗaki a durƙushe tana wata waƙa ƙasa-ƙasa. Da maigida ya tambaye ta, ba ta ɓoye ba. Ta ce an yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu har Lakwaja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. A can wasu masu bin Isa Almasihu suka fanshe ta, suka yi jinyar gyambon da marin ƙarfe ya yi mata a ƙafa, ta zauna cikinsu, ta bi hanyarsu. Ta auri wani mai fito da jirgin ruwa, ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya zauna. Da ta duba ba ta da kowa a duniya sai uwar da ta bari, ta ɗaure ƙunshinta ta kamo hanya.

Maigida ya rasa inda zai sa kansa, ya tafi wurin Liman Salmanu. Liman mutum ne mai sanyin hali, ba ya yanke magana da zafi. Ya ce, "Yarinya anka ɗauka, ruwan da ta iske shi ta sha. Annabi Isa namu ne mu ma, sai dai abin da takan hwaɗi a kansa mu ba mu hwaɗinsa. Zumunci kuwa wajibi ne. Ku ba ta ɗaki, ku ba ta abinci, ita kuma ta kama bakinta a waje."

Liman bai ce a ware mata ƙwarya ba. Bakin maƙwabta ne ya ce, maigida kuma mutumin kirki ne amma yana tsoron bakin mutane fiye da tsoron kura. Ya samo sabuwar ƙwarya, ya gasa lauje ya ƙona mata alama a baki, ya kafa mata turken rataye ta daban a gindin rumbu. Tasalla ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Ni ce na ji kunyar, don ita ko gezau.

Abin da ke cin ta wani ne daban, kuma a hanyar rijiya ta faɗa mini. Kullum kafin Inno ta tashi ta share mata ƙofa, ta cika mata randa, ta gaishe ta a durƙushe. Inno sai ta amsa tana kallon bango. In za ta yi zancenta sai ta ce "waccan" ko "baƙuwarku". Amma kuma na sha kama ta tana ƙara man shanu a tuwon baƙuwar in ta ga ba mai kallo. To wa zai gane kan wannan tsohuwa?

Tasalla ta sauke tulunta ta ce, "Saude, ke kika zauna da ita. Gaya mini tsakaninki da Allah. Kunya ce, ko ƙi ne?"

Na ce, "Haba Yaya, 'yar fari ce ke, mi kike jira? Ni ma nawa na farin ba ni kama sunansa."

"In ba kowa a ɗaki fa?"

Ta kama ni, don in ba kowa a ɗaki har cakulkuli nake yi masa.

Ta ce, "Ban zo neman gona ba, ban zo neman gado ba. Duk gidan da aka sayar da ni sai an laƙa mini sabon suna, na amsa su duka. Nawa na gida ne kaɗai ban taɓa ji a bakin wadda ta haife ni ba. Da ina yarinya na san kunya ce. Yanzu ban sani ba, ko saboda hanyar da na bi ne, ko ma ba ta yarda ni ce ba. Sau ɗaya nake so, Saude. In ta kira na amsa, ko gobe in mutu."

Na ce, "Tofar da yawu, Yaya." Ba ta tofar ba, ta ɗauki tulunta muka wuce.

Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, Hansai, mai gyambo a ƙwauri, irin wanda warinsa ke riga mai shi isa wuri. Ba ma yi mata rowa, kowane gida yana aika mata tuwo, sai dai yaro ake ba ya ajiye a ƙofa ya ruga. Tasalla ba ta yi wata a garin ba ta maida ɗakin nan kamar nata. Ta shiga ta zauna a tabarmar Hansai, ta wanke gyambon da ruwan bagaruwa, ta tsefe mata kai ta fidda ƙwarƙwata, sannan su sa hannu a akushi ɗaya. Wadda aka ware wa ƙwarya ke nan fa.

Wata rana muna daka na ce, "Yaya, wai hancinki a Lakwaja kika baro shi?"

Ta yi dariya ta ce, "Hancina lafiyarsa lau, warin har tsakar kaina nake jin sa. Amma bari in gaya miki abin da ya riƙe ni a hanyar nan. Mu abin da muka gaskata, Allah bai tsaya daga nesa ya aiko mana da tuwo a ajiye a ƙofa ba. Da kansa ya shigo. Ya ɗauki jiki irin wannan, aka haife shi, aka yanke masa cibi, aka goya shi. Ya ji yunwa, ƙaya ta soke shi, ya yi gumi kamar kowa."

Na saki taɓarya na ce, "A'uzubillahi! Yaya, rufa mana asiri, danga na da kunne."

"Na san ba haka kuke cewa ba, ban kuma ce ki ce ba. Ni dai tunda na ji haka, na rasa hujjar tsayawa a ƙofar kowa. Wanda ya fi kowa tsarki bai ji ƙyamar jikinmu ba, ni wace ce, baiwar da aka yi ta juyawa a kasuwa ana duba haƙoranta?" Ta zuba tsaba a turmi, ta ƙara da cewa, "Shi ma ɗan fari ne a wurin uwarsa."

Bakina da ba ya zama wuri ɗaya ya ce, "To ita ta kira sunansa?"

"Ta kira. Umurtar ta ma aka yi ta kira."

Na ce, "Lallai ba Bafulatana ba ce." Muka yi ta dariya har kaji suka samu damar turmin, sai na ga ita tata dariyar da hawaye ta ƙare.

Ni ban bi hanyarta ba. Har yau da sallata nake, da ita kuma zan koma ga Ubangijina in ya yarda. Amma maganar ajiye tuwo a ƙofa ta zauna mini a rai, don ni ce mai ba yaron tuwon Hansai.

Da bazara, zafi ya kai inda kaza ke yawo baki buɗe, agana ta shigo ƙasar. Ta wajen Safana aka ce ta biyo, ta taɓa Zakka, ta faɗa rugagen Fulani. Inno ta je rugar dangin uwarta gaisuwar rasuwa, ta dawo da ciwon baya da zazzaɓi, kafin a ankara ƙuraje sun feso mata a goshi. Duk tsufanta ba ta taɓa yi ba.

Ga yadda muke yi da agana a lokacin. Yamma da gari akwai wani falalen dutse a gindin marke, a bayansa ake kafa bukkar kara a kai mai ciwon. Abinci a kan dutsen ake juye shi cikin sakaina, a ƙwanƙwasa da sanda, a ja da baya. Duk abin da ya tsallake dutsen nan ba ya dawowa gari, ƙwarya ce ko mutum, sai ciwon ya gama abin da zai yi. Mai jinya kuwa sai mai zanzana, wanda ya yi ya tashi, tunda ba ta kama mutum sau biyu. Tamu mai zanzanar Fanta ce, ita kuma ta rasu da daminar da ta wuce, ba a sami madadinta ba. Haka aka kai Inno aka ajiye mata tulun ruwa, aka baro ta ita kaɗai.

Ni ke kai abincin, da cikina da ya fara turo zane. Da farko takan rarrafo ta ɗauka. Sai wata safiya na tarar da tuwon jiya yana nan, hankaki na ta shagali a kai. Na ƙwanƙwasa, na kira, shiru, sai wani nishi can ciki. Na koma gari da gudu.

Maigida ya zo zai tsallake, Maigari Daudu ya riƙe masa riga ya ce, "Badaru, in ka tsallake, wa za shi noma ma ɗiyanka? Ga damina ta matso." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ciwo. Maigida ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ni ga ciki. Sauran jama'a kowa ya sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da nasa a gida.

Muna nan tsaye sai ga Tasalla da tabarmarta a hammata, da ƙunshin bagaruwa, da ƙwaryar nan mai ƙonannen baki. Na dubi fuskarta, sumul take, ba ɗigon zanzana ko ɗaya.

Maigida ya ce, "Yaya, ba ki taɓa yi ba. Kin san abin da ke bayan dutsen ga."

Ta ce, "Na sani."

Na matsa kusa da ita na ce, "Yaya, in don ta kira ki ne, kada ki shiga. Ciwo ba shi sa Inno magana, na san irin haƙurinta."

Ta ce, "Don kiran na zo garin nan, gaskiya ne. Wannan kuwa ba don shi ba ne. Tuwo yana kan dutse, ita tana ciki, ba ta iya fitowa. Dole wani ya shiga." Ta kore hankakin, ta ɗauki sabon kunun da na kawo, ta taka dutsen ta sauka ta can.

Daga nan kullum da hantsi muke haɗuwa, ni ta nan, ita ta can, muna ɗaga murya kamar masu ciniki a ƙetaren rafi. Takan gaya mini yadda ake ciki. Ƙurajen sun cika baki, sai da tsumma take ɗiga mata kunu. Tabarma na kama fata, don haka ta kwaso yashi mai laushi ta shimfiɗa, a kai take juya ta. Ni kuma ba sai na tambayi ɗaya abin ba, a idona take gani.

Wata rana ta ce, "Albishirinki. Yau ta ce mini 'ke'."

Na ce, "Goro! Daga 'waccan' zuwa 'ke' ai tafiyar Lakwaja ce."

Ta ce, "Kuma da ƙwaryata take shan ruwa. Nan ba turke biyu."

Allah da ikonsa tsohuwar nan da kowa ya fidda rai ta tashi. Fata ta saɓe, idon hagu ya tafi, fuska ta zama kamar rariya, amma ta tashi. Ranar da ta fito ƙofar bukka ta jingina da kafaɗar Tasalla, na rangaɗa guɗar da aka ji har cikin gari. Maigari ya ce da zarar ɓawon ya gama zuba su yi wanka, a ƙone tufafi da bukkar, su dawo gida.

A ranar ce kuma na ga Tasalla ta dafe ƙugu da za ta sunkuya ɗaukar abinci. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

Na ce, "Yaya, mi ya sami bayanki?"

Ta ce gajiya ce. Ta ga ban yarda ba, sai ta zauna a gefen dutsen ta ce, "Ba na jin tsoro sosai, Saude. Kaɗan dai. Shi ma Almasihu da ya shigo wurinmu bai fita da jikinsa lafiya ba, ya kuma san haka kafin ya shigo."

Hawaye suka hana ni ganinta. Na ce, "Ta kira?"

"Tukuna. Amma jiya ta kama hannuna, ta daɗe ba ta saki ba."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe da ita. Kashegari Inno ce ta fito ɗaukar abinci, tana dogara sanda.

Da lokacin komawarta gida ya yi, maigida ya zo da sabon zane ya ajiye a kan dutsen, ya roƙe ta ta yi wanka ta fito, ya ce za a aika rugage a nemo mai zanzana. Inno ta dube shi da idonta ɗaya ta ce, "Ga mai zanzana gabanka. Akwai mai ciwo ciki. Ku tahi gida."

Mai ciwo! Har a nan ma mai ciwo. Da maigida ya tafi na tsaya, raina ya ɓaci, na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidan, na ɗaga wa surukata murya. Na ce, "Inno, don girman Allah ki kira ta! Abin da ta tako tun daga Lakwaja ke nan. Wa kike jin kunya a nan? Ba kowa sai ke da ita da hankaki."

Na ɗauka za ta juya ta bar ni. Sai ta tsaya tana murza bakin ƙwaryar nan da yatsa, daidai wurin ƙunar. Can ta ce, "Na gwada, Saude. Tun ran da anka ɗauke ta nika gwadawa. Shina zuwa nan," ta taɓa maƙogwaronta, "shi tsaya."

"Ki sake gwadawa."

"Sai ta yi barci nika gwadawa, don bakina shi saba. In ya saba sai in kira ta tana ji."

Na ce, "To ki yi sauri, Inno." Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Ciwon ya yi wa Tasalla mugun kamu, irin wanda ƙurajen ke haɗewa su zama ɗaya. Wata la'asar na hango su a ƙofar bukka, Inno ta jawo ta inuwa ta ɗora kanta a cinya, tana kore mata ƙuda da ganyen sabara, tana yi mata wata waƙar reno da Fulatanci. Abin da ba ta yi ba lokacin da yarinyar ke cikin tsumma, ga shi tana yi da furfura a kan su biyun. Na ajiye abincin a hankali, ban ƙwanƙwasa ba.

Ranar da abin ya faru, na taho da kunun tsamiya da hantsi, tun kafin in kai gindin marke na ji murya daga bukkar. Muryar Inno ce, a sake, da ƙarfi, yadda uwa ke kiran yarinya ta baro wasa ta zo ta ci tuwo.

"Tasalla! Tasalla! Ke Tasalla!"

Na dire tukunyar, kunu ya fallatsar mini a ƙafa ban ji zafinsa ba. Na ce alhamdulillahi, ya fito! Na hau ƙwanƙwasa dutsen kamar mahaukaciya. Kiran ya tsaya. Inno ta fito a hankali, ba sanda, ta zo har bakin dutsen.

Na ce, "Inno, na ji! Wallahi na ji! Ta amsa?"

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Na ɗauka barci takai. Na ce bari in gwada, sai ya hito. Da na ji ya hito, na yi ta kira don ta tashi ta ji." Ta dubi tafin hannunta. "Jikin ya yi sanyi, Saude."

Matar da aka yaba wa rashin hawaye ranar sadaka ta zauna a kan yashi ta yi kukan da ta riƙe tun tana da ƙuruciya. Ni ina ta nan, ita tana ta can, ba dama in taɓa ta.

Ita kaɗai ta wanke 'yarta. Wani makiyayi mai zanzana, Sule, daga rugar danginta, ya zo da ƙanensa suka haƙa kabari a bayan dutsen, ba a kai ta maƙabartar gari ba. Liman Salmanu ya zo ya tsaya a gindin marke. Bai tsai da sahu ba, bai kuma tafi ba sai da aka gama rufe ƙasa, sannan ya ce, "Allah shi ya san bayinsa." Aka cinna wa bukkar wuta. Inno ta yi wanka ta ɗaura sabon zane ta tsallako, da wani abu a ƙarƙashin mayafinta. Maigari ya gani, ya ɗauke kai. Da muka isa gida ta fiddo ƙwaryar Tasalla, ta dafa ta da ruwan toka, ta rataye ta cikin namu. Maigida ya fita ya tumɓuke turken gindin rumbu ya jefa a murhu.

Ko ta ji kiran ko ba ta ji ba, ban sani ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Tuwon Hansai dai na daina ba yaro. Da kaina nake kaiwa, in shiga in zauna. Warin yana nan yadda yake, sau da yawa kuma nakan tarar Inno ta riga ni, da ruwan bagaruwa a ƙwaryar nan.

Da damina ta yi tsaka na sauka, mace. Ranar suna aka raɗa mata Hauwa'u, mata suka ce sai a riƙa ce mata Maijidda. Inno tana gefe, ba a saba jin bakinta a taro ba, sai ta ce, "Tasalla za a ce mata."

Wata ta ce, "Inno, ai ba ranar salla anka haihe ta ba."

Ta ce, "Na ji. Tasalla za a ce mata."

Haka kuwa aka yi. Yarinyar ta tashi a gindin kakarta, ta yi wayo, ta fara yawon maƙwabta. Tun daga safe har faɗuwar rana ba abin da ake ji a gidanmu sai muryar tsohuwar nan daga ƙofar ɗakinta, "Tasalla!" Yarinyar ta sheƙo da gudu ta ce, "Na'am, Kaka." Sai Inno ta yi ta dubanta. In yarinyar ta ce mi za a yi, sai ta ce ba komai, je ki wasanki. Ba aike gare ta ba, amsar kawai take son ji.